Hancin mai haɗa turare: nazarin wata tiyatar kogunan hanci a Kano

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar cikin birni ce, shekarunta sun haura arba'in da biyar, tana da aure da 'ya'ya, sana'arta kuwa haɗa turaren wuta da humra. Ta yarda a rubuta lamarinta bisa sharaɗin a sakaya sunanta da unguwarsu, don haka Hajiya kawai zan riƙa ce mata, kamar yadda muke kiranta a asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan faɗa.

Ƙorafinta na farko da ta zauna gaban likita shi ne ta daina jin ƙamshi. Toshewar hanci da majina mai kauri da nauyin goshi, sai da aka tambaye ta sannan ta ambace su, domin ta daɗe da mayar da su abokan zama. Ta ce abin ya faro kimanin shekara shida da suka wuce, da wata mura ta lokacin hunturu wadda ta ƙi tafiya. Damina ta zo ta wuce, hancin bai buɗe ba. Da baki take numfashi idan ta kwanta, ta tashi da asuba maƙogwaro a bushe, majina na gangarowa ta baya tana sa ta kaki. Idan ta yi sujada sai ta ji kamar fuskar za ta zubo ƙasa saboda nauyi. Daga baya ƙamshi ya fara raguwa, har ya ɗauke gaba ɗaya.

Ga mai wata sana'ar, rashin jin ƙamshi damuwa ce da za a iya lallaɓawa. Ga Hajiya kuwa jarinta ne ya tafi. Mai haɗa humra da hanci take awo: ita ce za ta san ko farcen ya wanku an kashe ƙarninsa, ko sandal ɗin da aka kawo daga Kurmi na kirki ne, ko miski ya yi yawa ya danne sauran. Sai da ta kai tana kiran babbar 'yarta ta shinshina mata kowane haɗi, tana aiki da tunanin ma'aunin da ta haddace. Wata tsohuwar mai sayenta ta taɓa dawo mata da kwalabe ta ce ba hannunta ba ne wannan. Akwai kuma abin da ya fi asarar ciniki haɗari, wanda ita ba ta kawo shi a ranta ba sai da muka tambaya: tana girki da gas, kuma ko yana yoyo ba za ta ji warinsa ba.

Shekarun kemis da na gida

Kafin ta zo mana ta bi hanyar da kusan duk marasa lafiyarmu ke bi. Ta yi sirace, ta ɗiga man habbatus sauda, ta sha citta da kanumfari da zuma, an ba ta shaƙe iri-iri. A kemis kuma an yi ta ba ta kafso na kashe ƙwayoyin cuta, a sha na kwana uku ko biyar, a bari, a sake komawa bayan wata biyu. Abubuwa biyu daga cikin magungunan nan sun bar mata matsala ta daban.

Na farko shi ne maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su zailometazolin da oksimetazolin. Aikinsa tsuke jijiyoyin jinin cikin hanci, shi ya sa cikin mintuna kaɗan mutum zai ji iska na wucewa. An yi shi ne don kwanaki kaɗan, bai kamata a wuce mako guda ana amfani da shi ba. Idan aka zarce, da zarar ƙarfinsa ya sake sai tantanin hancin ya kumbura fiye da da, mutum ya sake ɗigawa, haka za a yi ta zagaye. Hajiya ta shekara fiye da biyu da kwalbarsa a jaka.

Na biyu ƙwayar deksametazon ce, irin wadda wasu ke sha don su yi ƙiba. Ita ta lura cewa duk sanda ta sha, hancin kan buɗe har ta ɗan ji ƙamshi, sai ta riƙa saye idan aikin biki ya taso. Gaskiya ne tana sassabe kumburi, amma shan ta barkatai yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana kawo yanar ido. Ranar da muka auna ta jininta ya hau, sugan ma yana bakin iyaka. Ba na ganin laifinta a nan. Mace ce mai iyali da ke neman ta yi numfashi ta kuma riƙe sana'arta, kuma babu wanda ya taɓa leƙa cikin hancin nan a duk tsawon shekarun.

Wata tambaya da likita ya yi ta sauya yadda muka kalli lamarin baki ɗaya. Ya ce, "Hajiya, kina da asma?" Ta ce da girmanta ta same ta, bayan murar nan da 'yan shekaru. Ya ce, "Kin taɓa shan maganin ciwon jiki ƙirjinki ya ɗaure?" Ta yi shiru, sannan ta ce ta taɓa shan wani na ciwon baya, ko awa ɗaya ba a yi ba hanci ya ɓalle da ruwa, numfashi ya gagara, sai da aka kai ta asibiti cikin dare. Tun daga nan farasitamol kawai take sha. Haɗuwar abubuwan nan uku, wato asma da tsiron hanci (naman da ke tsirowa a cikin hanci, wanda aka gani a nata) da rashin jituwa da asfirin da danginsa irin su ibufurofen da dikulofenak, sananniyar cuta ce. Wani likitan Faransa mai suna Widal ya fara bayyana ta a 1922, sannan Samter da Beers suka yi cikakken bayaninta a Amurka a 1968. Muhimmancin gano ta shi ne masu ita su ne tsironsu ya fi saurin dawowa bayan tiyata. Tun a ranar farko ke nan mun san ba aikin yi-sau-ɗaya-a-huta ba ne.

Abin da aka gani a ciki

A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna masu ɗauke da iska, waɗanda a asibiti ake ce wa sainus. Kashi huɗu ne, kowanne dama da hagu: na kunci, na goshi, wasu ƙananan ɗakuna masu yawa a tsakanin idanu, da wani can ciki a bayan hanci ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Dukkansu an shimfiɗe su da tantani mai fitar da majina, a kansa kuma akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗa majinar ba dare ba rana zuwa wata 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Ƙofofin nan ƙanana ne ƙwarai, faɗin wasu bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma na kunci da na goshi da na gaban tsakanin ido duk a lungu ɗaya suke zubarwa. Yadda nake yi wa marasa lafiya bayani shi ne su tuna indararon soro da damina: rufin lafiyarsa ƙalau, amma idan indararo ya toshe ruwa zai kwanta a sama har ya jiƙa azara. Haka majina ke kwanciya a kogo idan ƙofarsa ta kumbura ta rufe.

A ƙa'idar likitoci, ana cewa ciwon ya zama mai daɗewa idan alamominsa sun kai mako 12 ba su tafi ba, kuma sai an tabbatar da shi da ido ko da hoto. Wannan sharaɗi na biyu yana da muhimmanci, domin mutane da yawa da ke zuwa mana da "sainus" a bakinsu ciwon ɓarin kai ne ke damunsu, wasu kuma ruɓaɓɓen haƙorin sama ne ya huda zuwa kogon kunci. Waɗannan ko an yi musu tiyatar hanci ba abin da za ta ƙara musu.

Likita ya fesa mata maganin kashe zafi, ya zura siririn madubin leƙe mai kyamara. A kan allo muka ga tsiron nama fari-fari, mai sheƙi da laushi, ya cika kafofin hancin biyu, ya tokare saman hanci inda jijiyoyin jin ƙamshi suke. Iska ba ta isa wurin, balle ƙamshi. Kasancewar tsiron a ɓangarori biyu ya ɗan kwantar mana da hankali. Tsiron da ya fito ta gefe ɗaya kawai, musamman mai zubar da jini, shi ne wanda ake gaggawar yanka a kai ɗakin gwaji don tsoron ciwon daji. Hajiya ta zo da hoton ƙashi na fuska da aka taɓa yi mata a wani wuri, amma irin wannan hoto ba ya nuna abin da mai tiyata ke buƙata. Hoton siti-sikan ne ke nuna kowane kogo dalla-dalla, da kaurin ƙashin da ya raba shi da ido da ƙwaƙwalwa.

Ba a tura ta hoton a ranar ba, kuma ba a yi maganar tiyata ba. An fara da magani na ƙa'ida: ta daina na ɗigawa da deksametazon a hankali bisa tsarin da likita ya rubuta, ta riƙa wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, ta fesa sitiroyid na hanci, wato maganin rage kumburi, kullum, wanda shi kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, sannan aka tura ta wurin likitan ƙirji ya daidaita asmar da hawan jinin. Da sugan ya zauna sai aka ba ta ƙwayar sitiroyid mai suna firedinisolon ta 'yan kwanaki ana sa ido. Cikin kwanakin nan ta kira ni da murna ta ce, "Sista, yau na ji ƙamshin daddawa a miya." Wannan albishir ne a wurin likita, domin ya nuna jijiyoyin da ransu, tsiro ne kawai ya rufe su. Ƙwayar na ƙarewa ƙamshin ya sake ɗaukewa.

Bayan kusan wata uku ana wannan, aka yi hoton. Akwai ma'aunin da Lund da Mackay suka fitar a Ingila a 1993, wanda ke ba wa cikar kogunan maki daga 0 zuwa 24. Na Hajiya ya haura 18. Kusan babu kogon da iska ta rage a ciki, ga kuma bangon tsakiyar hancin ya karkata hagu. A nan ne likita ya ce lokacin tiyata ya yi.

Shawarar gida

Wannan mataki ya fi kowanne ɗaukar lokaci, kuma ina ganin ya cancanci hakan. Maigidanta ya zo, yayarta ma ta zo. Alhaji mutum ne mai natsuwa, tambayarsa kuma a kan hanya take. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan kusa da ido ne, kusa da ƙwaƙwalwa ne. Ciwon nan ba ya kisa, mun kuma saba da shi. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi." Yayar kuma tsoronta fuska. Ta tuna wani kawunsu da aka yi wa aiki shekaru da yawa baya, aka ɗaga leɓensa na sama aka fasa ƙashi ta dasashi, ya daɗe da kumburi, kuncinsa kuma bai sake jin taɓi sosai ba.

Abin da ta tuna gaskiya ne. Tsohuwar tiyata ce da Caldwell ya bayyana a Amurka a 1893, Luc kuma a Faransa a 1897, kuma ita aka yi ta yi kusan shekara ɗari: a shiga kogon kunci ta baki, a kankare tantaninsa, a huda masa sabuwar kafa ta ƙasa don majina ta zubo. Daga baya wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Walter Messerklinger, ya yi shekaru yana kallon tafiyar majina da madubi, ya nuna cewa gashin nan ba sa sauya hanya. Ƙofar kogon kunci a sama take, kuma ko an huda wata a ƙasa, can saman za su ci gaba da tura majinar. Ma'ana, gyaran yana wurin buɗe ƙofar asali da barin tantanin ya warke. Ɗalibinsa Heinz Stammberger ya yaɗa wannan hanya, David Kennedy kuma ya kai ta Amurka a 1985. Ita ake yi yanzu: komai ta kafar hanci, babu yanka a fuska ko a baki.

Likita bai ɓoye musu haɗarin ba. Ya nuna musu a hoton cewa ƙashin da ya raba kogunan tsakiya da gurbin ido siriri ne ƙwarai, rufin kogunan kuma shi ne daɓen ƙwaƙwalwa. Ana iya zubar da jini, ana iya taɓa ido, ana iya huda rufin ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗigowa ta hanci har sai an liƙe. Manyan matsalolin nan ba kasafai suke faruwa ba a hannun wanda ya ƙware, amma suna faruwa. Ya kuma gaya musu abin da ya fi musu wuyar ji, cewa hanci zai buɗe kusan tabbas, ƙamshi kuwa ba ya iya yin alkawarinsa, kuma tsiron irin nata yana dawowa. Ya ce aikin tiyatar shi ne ta share hanya don ruwan wanki da magani su riƙa isa inda a yanzu ba sa isa.

Yayar ta kawo shawarar a fita da ita Masar ko Indiya, kamar yadda masu hali a Kano suka saba. Likita ya ce ba zai hana ba, akwai ƙwararru a can, amma su tambayi kansu wa zai riƙa leƙa hancin yana share shi a makonnin da za su biyo baya, bayan an dawo gida. Ni a ganina wannan ita ce tambayar da ya kamata duk mai shirin fita waje don irin wannan aiki ya fara amsawa. Mun sha karɓar waɗanda aka yi wa aiki mai kyau a waje, suka dawo ba takardar bayanin abin da aka yi, ba wanda ya duba su, sai bayan watanni nama ya manne. Ana yin aikin a Najeriya. A nan Kano Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar ƙasa da aka keɓe wa wannan fanni.

Abu guda da na yaba wa likitan shi ne, bayan ya gama da Alhaji da Yaya, ya juya ya fuskanci mai ciwon. Ya ce, "Hajiya, hancinki ne. Me kika gani?" Sau da yawa a ɗakin nan ana yanke shawara a kan mace tana zaune ba a ji ta bakinta ba. Ta ce a ba ta lokaci ta yi istihara. Bayan Ƙaramar Salla ta dawo da kanta ta sa hannu.

Ranar aiki

An zaɓi farkon damina da gangan, lokacin da ƙura ta kwanta. An sake ba ta firedinisolon na kwanaki kaɗan kafin ranar don tsiron ya motse jini ya ragu, likitan sa barci ya duba ƙirjinta, aka kuma rubuta da jan biro a bangon fayil ɗinta cewa kada a ba ta asfirin ko danginsa.

An sa ta barci gaba ɗaya, aka ɗan ɗaga kanta sama. A irin wannan aiki jini kaɗan ma yana rufe kyamara, mai tiyata kuma ba ya yanka abin da ba ya gani, don haka rabin ƙwarewar tana wurin hana jini. Ya fara da kwashe tsiron da ya cika hanci, ya miƙe bangon tsakiya don ya sami wurin wucewa, ya cire wani siririn ƙashi mai lanƙwasa da ke kare ƙofar kogon kunci, ya faɗaɗa ƙofar. Daga nan ya bi ƙananan ɗakunan tsakanin ido ɗaya bayan ɗaya yana cire bangayensu har suka zama fili guda, ya buɗe kogon can ciki, ya ƙare da na goshi, wanda ya fi kowanne wuya saboda hanyarsa matsattsiya ce kuma a karkace. Majinar da ta fito mai kauri ce, tana jan zare. Hoton siti-sikan yana rataye a gabansa yana dubawa a kowane mataki, idanun Hajiya kuma ba a rufe su da ƙyalle ba don a riƙa lura da su. Aikin ya ɗauki kusan awa uku. An tura naman ɗakin gwaji, sakamakon ya dawo babu daji, sai tarin wasu ƙwayoyin jini da ake gani a masu asma.

Ta kwana biyu a asibiti. Da aka zare abin da aka cusa mata don tsayar da jini, ta ja iska ta hanci ta yi hamdala.

Bayan tiyata

An sallame ta da sharuɗɗa: kada ta fyace hanci na mako biyu, idan atishawa ta zo ta buɗe baki, kada ta ɗauki abu mai nauyi ko ta sunkuya. Nan take ta tambayi salla. Muka ce a makon farko ta yi a zaune da ishara, ta kuma tambayi malaminsu don ranta ya kwanta. Ya tabbatar mata da sauƙin da hadisin Imrana ɗan Husaini ya zo da shi, cewa marar lafiya ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune. A alwala kuma ta shaƙa ruwa a hankali.

Wankin hanci shi ne ginshiƙin jinyar, a kansa na fi ɓata lokaci da ita. Gishiri giram 9 a lita ɗaya ta ruwa, a zuba a robar wanki, a sunkuyar da kai kaɗan, a matsa ta kafa ɗaya ya fito ta ɗayar. Ruwan dole a tafasa shi a bar shi ya huce, ko na famfo ne, ko na rijiyar burtsatse, ko na 'yan garuwa, ko na leda. Ruwan da ciki zai iya ɗauka ba lalle hancin da aka yi wa aiki ya ɗauka ba, domin ciki yana da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, hanci ba shi da shi. Na kuma roƙe ta kada ta ƙara kanwa ko wani mai a ciki, komai wanda ya ba ta shawara.

A makonnin farko tana zuwa likita yana leƙawa, yana zuƙe busasshen jini da ɓamɓaroki. Ba daɗi, takan yi hawaye, amma a nan ake hana nama mannewa. Wajen wata na biyu ƙamshi ya fara dawowa, da farko masu ƙarfi irin su kananzir da albasa, daga baya sandal. Minshari ya tafi, asmar ma ta lafa har ta rage amfani da abin shaƙa. Wata huɗu bayan aikin, hancin ya yi kyau a madubi.

Daga nan ta ɓace mana. Ƙarshen shekara ya zo da bukukuwa, aiki ya yi mata yawa, ga bashin kuɗin tiyata tana son biya. Ta koma suyar turare da kanta a cikin ɗaki, a kan garwashi, tana narka sukari tana juya itace, tana gwada kowane haɗi a kasko da hancinta. Maganin fesawa ya ƙare ba ta sake saye ba tunda tana jin ta warke, wankin ma ya koma na ranar da ta tuna. A daidai lokacin hunturu ya sauka, da busasshiyar iskarsa da ƙurar da take kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga hayaƙin janareto da na adaidaita sahu da ke rataye a kan gari. Hayaƙi da ƙura ba su ne tushen cutarta ba, tushen yana cikin yadda jikinta ke kumbura. Amma suna busar da majina, suna kashe wa gashin nan ƙarfi, suna hura kumburin da yake kwance.

Ta dawo cikin watan Janairu ƙamshi ya sake ɗaukewa. Tana shigowa ta ce, "Sista, aikin nan bai yi ba." Madubi ya nuna wani abu daban. Kogunan a buɗe suke, sai dai tantanin ya kumbura, ƙananan tsiro sun fara tohowa a sama, nama kuma ya ɗan manne a hagu. Likita ya raba mannewar a nan ɗakin duba marasa lafiya, ya ba ta gajeren zango na ƙwaya, ya kuma sa ta riƙa zuba wani sitiroyid mai suna budesonayid a cikin ruwan wanki. A nan amfanin tiyatar ya fito. Kafin a yi ta, ruwan a bakin hanci yake tsayawa ya dawo. Yanzu yana shiga har cikin kogunan da maganin a cikinsa. Cikin makonni shida tsiron ya motse ba tare da an koma ɗakin tiyata ba.

Maganar sana'a ita ce mai wuya. Da sauƙi ma'aikacin lafiya ya ce wa mutum ya bar aikinsa, shi kuwa albashinsa na zuwa ƙarshen wata. Ba mu ce ta bari ba. Mun zauna da ita da 'yarta muka rarraba aikin: wanne ne mai hayaƙi, wanne ne ba shi da shi. Suya ta koma tsakar gida a fili, 'yar da wata mai taya su ke yi. Hajiya ta riƙe sayen kaya da awo da haɗin humra, wanda jiƙo ne ba wuta. Gwajin kasko sau ɗaya take yi, daga nesa, ba ta tsuguna a kansa. Ta daina kunna maganin sauro mai hayaƙi ta koma gidan sauro, ranar da hazo ya yi yawa kuma tana sa takunkumi idan za ta fita. 'Yar ce ta ce, "Umma, ni zan riƙa tafasa ruwan da asuba in zuba a fulas," kuma wannan ƙaramin abu ya gyara wankin fiye da duk nasihar da na yi.

Da azumi ya matso ta zo da tambayar da muka saba ji. Hadisin Laƙiɗu ɗan Sabira ya yi umarni da kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai dai ga mai azumi, ruwan wanki kuwa yana iya wucewa maƙogwaro. Ba a sha wahala ba: ta mayar da wanki da fesawa bayan buɗa-baki da kafin sahur, sau biyun da ake so sun cika.

Yanzu hancinta a buɗe yake, tana barci da baki a rufe, sujada ba ta yi mata nauyi. Ƙamshi ya dawo amma bai kai na da ba. Tana bambance sandal da miski da kajiji, sai dai idan haɗi ya yi laushi takan nemi hancin 'yarta, kuma da sanyi jin yakan ragu. Sugan ya sauka tunda ta rabu da deksametazon. Akwai sababbin allurai na masu irin cutarta, kamar dufilumab da aka amince da shi don tsiron hanci a Amurka a 2019, amma tsadarsu ta fi ƙarfin gidan, don haka ba su cikin lissafinmu. An rubuta mata ranar dawowa a watan Oktoba, kafin iska ta juya, don a duba kogon goshi na hagu wanda ƙofarsa ke neman tsukewa. Likita ya riga ya gaya mata da Alhaji cewa idan ta rufe za a sake shiga, amma wannan wuri ɗaya kawai za a taɓa.